Rigar Ƙanƙara a Kasuwar Wudil

Stephen bai cika wata guda a ƙasar Kazakistan ba, amma duk wanda ya zauna da shi a sashen nazarin ƙasa na jami'ar da ke Wudil zai rantse can aka yanke masa cibiya. Taron bita aka tura shi kan yadda ake auna ruwan sama. Abin da ya koyo game da ruwan sama, har yau babu mahalukin da ya ji. Abin da kowa ya ji, har masu gadi suka haddace, shi ne labarin ranar ƙarshe, ranar da aka zuba su a bas aka hau da su wani dutse inda masu hankalinsu ke ɗaura katako a ƙafa suna zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Yakan fara ne daga hanyar. Yadda take murɗewa tana hawa, yadda itatuwa suka yi fari fat, yadda direban ya tsaya ya ɗaura wa tayoyi sarƙa, ya kuma toshe gaban motar da kwali don kada sanyi ya kama injin. Zamiyar kanta da mazaunai ya yi ta, amma wannan wurin yakan tsallake shi. A can saman, yana kwance yana laluben ɗayan katakonsa, ya ga wani saurayi ya durƙusa gaban budurwarsa ya buɗe ɗan akwati. Budurwar ta rufe baki ta fashe da kuka, jama'a suka hau tafi. Stephen ma ya yi kuka, hawayen suka daskare masa a gashin ido. Nan take ya yi wa kansa alkawari: ranar da zai nemi aure, a kan dutse zai nema, cikin sanyi, gajimare na ƙarƙashin ƙafarsa.

Sai dai wadda zuciyarsa ta zaɓa a Wudil take. Alheri, nas ce a asibitin jami'a, doguwa, mai ƙarancin magana da yawan kallo. Wudil kuwa Ubangiji ya shimfiɗa ta kamar tabarma. Tudu mafi tsayi a unguwarsu shi ne tulin yashin da aka sauke don gyaran katanga, shi ma yara sun kusa baje shi.

Shekara uku ke nan suna tare. Ya rubuta mata waƙoƙi, ya kwatanta idanunta da taurari, da kogi, da wasu abubuwan da ita kanta ba ta taɓa gani ba. Tambaya ɗaya ce kawai bai yi ba. Duk lokacin da ta ce, "Stephen, wai ina muka dosa?" sai ya ɗaga kai ya dubi nesa kamar mai hango jirgi, ya ce, "Lokaci na zuwa, Alheri."

A farkon Disamba lokacin ya zo, amma ba ta ƙofar da ya zata ba. Tana naɗe bandeji a ɗakin magani, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, "Wani asibiti a Jos sun kira ni. Idan na tafi gida Kirsimeti, ba lallai in dawo ba. Ban ga abin da ya ɗaure ni a Wudil ba."

Stephen ya ji ƙasa ta zame masa fiye da yadda ƙanƙara ta zame masa. Wani saurayin da a nan zai buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa, ga ta ga shi, babu kowa sai warin magani. Stephen ba wani saurayin ba ne. Shi abin da ya faɗo masa shi ne, garin su Alheri yana cikin duwatsun Bokkos, a Filato, inda sanyin Disamba ke sa haƙora kaɗawa. Wato Kazakistan mafi kusa da tayar mota za ta iya kaiwa.

"Ni zan kai ki gida," ya ce. "A motata."

"To," ta ce.

Ya shirya tafiyar nan kamar mai shirin yaƙi. Ya duba hasashen yanayi ya ga yammacin Juma'a ne sanyi zai fi tsanani a Filato, ya zaɓi Juma'a. Ya zaro rigar ƙanƙararsa daga ƙasan akwati, wata ja mai kumburi wadda ke mayar da mutum kamar buhun auduga, ya haɗa da safar hannu da ƙaton tabaran da ke rufe rabin fuska. Zoben neman auren da ya saya kuwa, ya ɓoye shi a aljihun ciki. Sarƙar taya ba a sayar da ita a Wudil, wai don babu mai tambaya, sai ya kwance wadda yake ɗaure janareta da ita ya jefa a but ɗin mota. Da yammacin Alhamis ya yanka kwalin taliya ya cusa shi a gaban lagireton motar, inda iska ke shiga, ya ja da baya ya dubi aikinsa, ransa ya yi fari.

Amma tun ranar Lahadi ya riga ya yi wa kansa aika-aika bai sani ba. Bayan wa'azi fasto ya ce masu tafiya su miƙe a yi musu addu'a, kowa ya faɗi inda ya nufa. Stephen ya miƙe, ƙirji cike da ƙauna, ya ce Filato zai je ranar Juma'a, a motarsa.

"Kai da wa?" wata murya ta tambaya daga sahun zumuntar mata.

"Ni da Alheri kawai."

Cocin ya yi tsit. Stephen ya ɗauka tsarkin soyayyarsa ce ta taɓa zukata. Gaskiyar ita ce, rabin masu sujada a wurin 'yan Filato ne, kuma kowannensu a lokacin kujerun baya yake gani a ransa, wayam babu kowa.

Da safiyar Juma'a ya iso ƙofar gidan su Alheri cikin jar rigarsa, tabarau a goshi. Abin da ya fara gani shi ne Gwaggo Marta, yayar baban Alheri, mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata, zaune daram a kan buhun shinkafa. Kewaye da ita ga buhun albasa, ga jarkokin man gyaɗa, ga tabarmi a naɗe, ga ƙullin kaya iri-iri kowanne da sunan mai shi, ga zakara an ɗaure masa ƙafa yana kallon duniya da ido ɗaya.

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya lau, Istifanus." Ita ba ta taɓa yarda da wani Stephen ba, yadda yake a Littafi haka take kiransa. "Ka tashi lafiya? Ya aiki? Ya mutanen Billiri, kana jin labarinsu? Madalla. Ya jikin?"

"Jiki kuma, Mama? Lafiyata ƙalau."

"Na ga ka shiga bargo ne, na ce ko zazzaɓi. Alheri, fito ki duba yaron nan kafin ya kashe mu a hanya."

Kalmar "mu" ta sauka a kunnen Stephen kamar guduma. Alheri ta fito da 'yar jakarta, ta dubi rigar daga sama har ƙasa, ta cije leɓe.

"Gwaggo za ta bi mu," ta ce. "Sauran saƙo ne. Ai kai ka yi shela."

Gwiwar Gwaggo Marta ba ta son matsi, don haka gaba ta zauna. Alheri ta shiga baya, tsakanin albasa da tabarmi, zakara a ƙafarta. A mafarkin Stephen, a wannan lokacin hannunta na kusa da nasa, hanya na buɗewa gabansu, wata waƙa mai sanyi na tashi. A zahiri, idan ya dubi madubi kunnenta ɗaya kawai yake gani, sauran buhu ne.

Bai karaya ba. Masoyan gaskiya ai sun sha abin da ya fi albasa. Idan suka kai dutsen, zai ce wa Gwaggo ta ɗan jira a mota.

"Ka bi ta gada," Gwaggo ta ce suna hawa titi. "Na bar sallahun busasshen kifi wajen wata mata. Ba a zuwa gida daga Wudil hannu babu kifi, sai a ce ba a Wudil kake ba."

"Mama, gada ai baya ce. Mu gabas za mu."

"Kifin ba zai biyo mu gabas ba, ɗana."

Ya juya. Sun karɓi kifin, motar ta ƙara wani sabon ƙamshi. A dawowa ne Stephen, malamin da ke koyar da taswirar duniya, wanda ya san yanayin da za a yi a Bokkos da yamma, ya tuna abin da kowane yaro a Wudil ya sani tun kafin ya iya tafiya: Juma'a ce ranar kasuwa.

Titin ya cushe. Tireloli sun yi layi, shanu a ciki suna leƙo ƙahonni. Wasu shanun a ƙasa, ana kora su tsakanin motoci, masu sanda na ihu. Babura, amalanke, masu rake, masu tallan fura, kowa ya fito kamar an yi kira. Motar Stephen ta matsa taku biyu ta tsaya, ta sake matsawa ta tsaya. Sanyin safe ya tattara nasa ya tafi. Rana ta hau ta zauna a kan rufin motar.

"Istifanus, cire bargon nan, ni kake sa wa zufa."

"Ba na jin zafi, Mama." Gumi na bin bayansa kamar an buɗe famfo. Amma zoben na cikin rigar, kuma ya rantse da ita zai durƙusa.

"A Kazakistan haka ake yi, Gwaggo," Alheri ta ce daga bayan buhu. "Sai an dahu tukuna ake isa."

Sai idonsa ya kai kan allurar zafin injin. Ta wuce tsakiya, tana hawa a hankali, cikin natsuwa, ita kaɗai ce a motar da ta kama hanyar tudu. Stephen ya san dalili. Ba ya bukatar bakanike ya gaya masa. Abin da zai yi bai fi ya fita ya zare kwalin ba. Amma fita na nufin Alheri ta gani, gani na nufin tambaya, tambaya na nufin ya tsaya a tsakiyar kasuwar shanu ya bayyana cewa ya lulluɓe injin ne don kada ya kamu da mura. Ya zaɓi mutuncinsa. Ya ƙura wa allurar ido yana addu'a a zuci, irin addu'ar da mai yinta ya san bai cancanci amsa ba.

Motar ta yi tari, ta girgiza, ta mutu. Farin tururi ya turnuƙe daga gaba ya rufe gilashi.

"Yesu!" Gwaggo ta dafe ƙirji. Zakara ya yi cara.

"Ga gajimarenka nan, Stephen," Alheri ta ce.

Ya fita ya ɗaga murfin injin da safar hannunsa, wadda a ƙarshe ta sami aikin yi. Tururi ya buge shi a fuska. Kafin ya kai hannu, Alheri ta zagayo, ta sunkuya, ta jawo kwalin da yatsu biyu. Ya jiƙe, ya yi laushi, hoton taliya na nan a jikinsa.

"Wannan fa?"

"Saboda sanyi ne," ya ce da ƙaramar murya.

"Wane sanyi?"

"Na can. Na gaba."

Ta dubi kwalin, ta dubi rana, ta dubi wani bijimi da ya tsaya yana kallonsu yana tuƙa. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Gwaggo Marta ba mace ce mai tsayawa makoki ba. A layin da ke gefensu akwai wata bas mai zuwa Jos ta hanyar Ningi, ita ma cunkoson ya riƙe ta. Kafin tururi ya lafa ta gama magana da direban, an fara ɗaga buhuna ana ɗaurewa a sama. Shinkafa ta tafi, albasa ta tafi, zakara ya tafi. Aka taimaka wa Stephen aka tura motarsa gefen titi, ta tsaya wayam, kujerun baya babu kowa, yadda ya so tun farko.

Alheri ta tsaya gabansa da jakarta a kafaɗa.

"Stephen, akwai abin da kake so ka faɗa min?"

Akwai. Yana nan a aljihun ciki, yana dukan haƙarƙarinsa. Ya buɗe baki, sai ya dubi inda suke. Kashin shanu a ƙasa, ƙudaje, hayaƙin tirela, wani mutum na ta rantsuwa a kan kuɗin maraƙi. Shekara uku yana gina wannan lokacin a ransa, fari tas, shiru, sama a buɗe. Ya za a yi ya zubar da shi a nan?

"Ba a nan ba," ya ce.

Wani abu ya mutu a idonta, a hankali, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. "To," ta ce. "Ubangiji ya sa motar ta gyaru." Ta juya ta shiga bas.

Ya tsaya shi kaɗai da jar rigarsa, kamar wanda aka manta a tasha. Sai a lokacin abin ya sauka masa gaba ɗaya. Ba Kirsimeti ta tafi ba. Ɗakin maganin nan zai ci gaba da zama, wata ce za ta riƙa naɗe bandejin. Zai ci gaba da ba da labarin dutsensa ga masu gadi har ya yi furfura, kuma a cikin labarin kullum wani ne ke durƙusawa. Wannan karon hawayen ba su daskare ba, sun gangaro sun haɗu da gumi.

Da a wani garin ne, da bas ta yi nisa, labari ya ƙare. Amma Wudil ce, kuma Juma'a ce. Bas ɗin ta matsa bai fi tsawon saniya biyu ba ta sake tsayawa. Stephen ya taka a ƙafa, ba ma da gudu ba, ya cim mata. Ya buga gilashin da Alheri ke jingine da shi.

Ta zuge. "Mun manta wani abu ne?"

"Alheri, na so in kai ki kan dutse. Akwai wani kafin a shiga garinku, na gan shi a taswira. Na so da faɗuwar rana, cikin sanyi..."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Stephen, labarin mutumin nan da ya durƙusa, ka ba ni shi ya fi a ƙirga. Har launin hular yarinyar na sani. Dutsen da kake faɗa kuma, nan awakinmu ke kiwo. Sanyin nan da kake wa waƙa, a cikinsa na tashi ina tonon dankali da sassafe, hannuna na tsagewa har jini. Ka san abin da na fara yi da na zo Wudil? Na tsaya a rana na gode wa Ubangiji." Muryarta ta ɗan karye. "Shekara uku ina jiran tambaya, kai kana jiran dutse."

Mutanen cikin bas ɗin suka kasa kunne. Wata mata ta ce wa ɗanta ya yi shiru ana magana.

Stephen ya zuge rigar, ya zaro ɗan akwatin, ya durƙusa. Bai duba inda gwiwarsa za ta sauka ba, ta kuwa sauka a inda duk mai hankali zai zata. Kuma da ya durƙusa, sai ya koma ƙasa da tagar, ya ɓace mata gaba ɗaya.

"Ina ya shiga?" Alheri ta ce.

"Yana ƙasa, 'yata," wani dattijo da ke leƙe ta tagar baya ya ba ta labari. "Ya buɗe wani abu. Zobe ne. Kai, yaro, ɗaga murya, tirela ta hana mu ji!"

"Alheri!" Stephen ya ƙwala daga ƙasa. "Za ki aure ni?"

Babu wanda ya tafa. Wata saniya ta yi kuka, direba ya danna ham. Sai kan Gwaggo Marta ya leƙo ta saman kafaɗar Alheri.

"Tashi, Istifanus, ka ɓata wandonka. Wa ya gaya maka a bakin titi ake tambayar 'yarmu? Akuya ce? Ba ka da manya?"

"Ina da su, Mama."

"To ka kawo su. Talata babanta yana gida, ni ma ina nan. Ka zo da mai furfura, ba da waƙa ba."

Ya miƙe. Yanzu fuskarsa da ta Alheri sun yi daidai. Idonta ya cika taf. Ya miƙa mata zoben, ta sa hannu ta rufe akwatin a tafinsa, ta bar hannunta a kan nasa.

"Riƙe shi. Idan Baba ya ce to, ka sa min da kanka."

"Ke fa? Ke me kika ce?"

"Ni na ce to tun shekarar farko. Kai ne ba ka zo karɓa ba."

"Aikin Jos fa?"

"Sai na ga kawunka zaune a tsakar gidanmu, sannan in san abin da zan gaya musu."

Tirelar da ke gaba ta yi ƙara ta motsa, layin ya buɗe, bas ta ja. Hannunta ya zame daga nasa. Ya bi ta da kallo har wata motar shanu ta shiga tsakani.

Ya koma gefen titi, ya tuɓe rigar a ƙarshe, iska ta taɓa jiƙaƙƙiyar shat ɗinsa, ya ji sanyin da bai ji ba tun safe. Ya zauna a inuwar wani mai rake ya lalubo lambar Kawu Gambo, ƙanin babansa da ke Billiri. Gaisuwa ta ɗauki lokacinta: gida, yara, girbi, ƙafar Kawu da ke ciwo. Sannan ya ce, "Kawu, kana da wani aiki ranar Talata? So nake ka je min neman auren Alheri."

"Wace Alheri?"

"Wadda muke tare, Kawu. Shekara uku ke nan."

Kawu ya yi gyaran murya.

"Shekara uku," Kawu Gambo ya maimaita. "Kuma yau Juma'a kake gaya min Talata. Babarka ta sani?"

"A'a."

"To ni zan je. Amma babarka kai za ka gaya mata da bakinka, yanzu, kafin ta ji a wajena. Wannan faɗan ba zan sha maka shi ba."

Stephen ya sayi gutsuren rake ya tsotsa don maƙogwaronsa ya jiƙa, ya goge hannu a wando, ya danna lambar babarsa.